Ɗalibar Nas Da Karatu Ya Sha Wa Kai: Matakan Bi Kafin Ki Ce Kin Bari

Tambayar da ƙannenmu masu karatun jinya a nan Jos da Vom suka fi yi mini ita ce: "Anti, na gaji. In bari ne ko in ci gaba?" Wasu kan kira ni da sassafe bayan sun sauka daga aikin dare, murya duk ta dishe. Wasu kuma iyayensu mata ne ke tare ni a gidan suna ko biki, su ce don Allah in yi wa yarinya magana, ta rame, ko abinci ba ta ci. Na maimaita amsar har na ga gara in rubuta ta wuri guda. Zan riƙa cewa "ke" saboda mata sun fi yawa a ajin, amma ƙanina namiji, har da kai nake.

Ki bi matakan a jere yadda na kawo su. Da gangan na kai maganar bari ko ci gaba can ƙarshe, domin wadda ta kwana uku ba barcin kirki, ciki babu komai sai ruwan shayi, ba ta cikin halin da za ta yanke wa rayuwarta hukunci.

1. Sa rana

Ki duba kalanda ki zaɓi rana, mako huɗu zuwa shida daga yau, wadda za ta faɗo bayan jarrabawa ko bayan kin gama fostin ɗin da kike ciki, wato zaman koyon aiki da makaranta ta tura ki asibiti. Ranar ce za ki zauna ki yi shawara da kanki. Kafin ta zo, duk lokacin da tunanin bari ya taso ki ce masa ya jira ranarsa.

Sai ki sayi ƙaramin littafin rubutu, irin na 'yan firamare ma ya isa. Kowane dare layi uku kawai: awa nawa kika yi barci, me ya fi ɓata miki rai yau, wane abu ɗaya kika yi daidai. A mataki na bakwai za mu buɗe shi.

Gargaɗi: kada sunan mara lafiya ko lambar gadonsa ya shiga littafin. Haka kuma kada ki sauke takaicinki a WhatsApp ko TikTok, balle hoto daga cikin wod, wato ɗakin kwantar da marasa lafiya. Sirrin mara lafiya amana ce, kuma hoto ɗaya ya isa ya jawo miki kwamitin ladabtarwa.

2. Barci da ciki

Yawancin waɗanda suka zo mini da kuka, in na bincika sai in tarar awa uku ko huɗu suke barci. Jikin babba yana neman awa bakwai zuwa tara. Na san ba kullum za ki samu ba, amma ki riƙe shida a matsayin iyakar da ba kya sauka ƙasa da ita ranar da ba ki da aikin dare.

Makon aikin dare yana da nasa tsari. Bayan azahar ki kwanta awa ɗaya ko biyu ko da barcin bai zo ba. Ki ci abinci mai nauyi kafin ki fita, ki tafi da filas na ruwan zafi da abu mara nauyi kamar biredi, ƙwai ko dabino. Daga ƙarfe uku na dare ki daina shan Nescafe ko cin goro, in ba haka ba za ki koma ɗaki da safe ido ya bushe ƙam. In kin sauka ki karya da kunu ko wani abu mai sauƙi, ki kashe waya, ki rataya zane mai duhu a taga, ki yi awa huɗu ko biyar. Wanki da zuwa kasuwar Terminus su jira.

Sanyin Jos na Disamba da Janairu kuwa ba a yi masa jarumta. Tsakanin ƙarfe biyu zuwa asuba wod kan yi sanyi har yatsu su ƙi riƙe biro. Ki tambayi kalar suwaita da makarantarku ta yarda a sa kan inifom, ki haɗa da safa mai kauri.

Kada ki shiga ɗakin tiyata ko ɗakin haihuwa da yunwa. Ɗalibai da yawa sun yanke jiki sun faɗi a ranar farko, suka ɗauka alama ce ta cewa aikin ba nasu ba ne, alhali tsayuwa ce ta yi tsawo kan cikin da ba komai. In kin ji jiri, zufa na keto miki, ki ja da baya daga wurin aikin, ki zauna, ki sunkuyar da kai, ki faɗa wa na kusa da ke. Babu abin kunya a nan.

Gargaɗi: za ki haɗu da wadda za ta ce ga ƙwayar da ke hana barci lokacin jarrabawa, ko ga wadda ke sa shi bayan aikin dare. Tiramol, kodin, baliyam, duk kada ki fara. Kin fi kowa kusa da kabad ɗin magani, shi ya sa haɗarin ya fi yawa a kanki, kuma ɗaukar ƙwaya ɗaya daga can zai iya raba ki da aikin tun kafin ki fara shi.

3. Gyara yadda kike karatu

Wata shida na farko, wato PTS, su ne suka fi girgiza mutum. An turo ki daga sakandare inda kike ta ɗaya ko ta biyu, sai ga anatomi da fiziyoloji da sunayen Latin, ga tsoron cewa wadda ta faɗi za a sallame ta kafin a ɗaura mata hula. Babban kuskuren da ake yi shi ne a tara handawut sai saura mako biyu a shiga kwanan aji ana hadda.

Abin da aka koyar yau, ki waiwaye shi yau ɗin, ko da minti talatin ne. Sannan ki rufe littafin ki gwada kanki. In zuciya aka yi, ki zana ta a farar takarda da ɗakunanta huɗu, ki bi jini daga inda ya shigo ta dama, ya tafi huhu, ya dawo ta hagu, ya fita zuwa jiki. Inda biro ya tsaya, nan ne ba ki sani ba, nan za ki koma. Maimaita karanta shafi sau biyar yana sa ki ji kamar kin iya, sai a ɗakin jarrabawa ki ga babu.

Dabarar da ta fi yi mini amfani ita ce bayani da Hausa. Ki zaunar da abokiyar ɗakinki ko ƙanwarki a gida ki yi mata bayanin yadda ƙoda ke tace jini, ba Turanci ko kalma ɗaya in ban da sunayen da ba makawa. In kin iya wannan, kin fahimta. Kuma da wannan Hausar za ki yi wa tsohuwar da aka kawo daga Gangare ko Anguwan Rogo bayanin ciwonta, har ma da yawancin waɗanda ke zuwa daga ƙauyukan Filato, tunda ita ce harshen kasuwa da asibiti a nan.

Ƙungiyar karatu kada ta wuce mutum huɗu. Ta haura haka ta zama hira. Ku nemi tsofaffin tambayoyi wurin 'yan ajin gaba, ku riƙa amsawa da agogo a gabanku. Lambobin da ba a yafe wa nas ta manta, kamar bugun jinin babba 60 zuwa 100 a minti da numfashi 12 zuwa 20, ki rubuta su a ɗan kati ki sa a aljihun inifom.

Jarrabawar aiki da hannu, OSCE, tsoronta ya fi ta kanta girma. Tasha-tasha ce, kowace da 'yan mintunanta, malami na tsaye da takarda yana duba ko kin gaida mara lafiya, kin faɗi sunanki, kin wanke hannu, kin ja labule, kin yi bayanin abin da za ki yi. Waɗannan ƙananan abubuwan su ne makin da ake zubarwa. Ki riƙa gwadawa a ɗakin gwaji kina faɗin kowane mataki da baki har ya zama jiki.

In kina ajin ƙarshe, jarrabawar Kansul, wato ta hukumar kula da aikin jinya da ungozoma ta ƙasa da ke Abuja, ana yin ta nas a Mayu da Nuwamba. Ki lissafa baya daga watanki. Furojet da rahoton kula da mara lafiya ki gama su da wuri, don su ne ke cinye watannin da ya kamata a ba bita.

Gargaɗi biyu a nan. Littafin da ake sa miki hannu kan ayyukan da kika yi a wod, ki kai a sa hannu ranar da kika yi aikin. In kin bari sai ƙarshen zango, sistar ta tafi hutu ko an canza mata wod, ki yi ta yawo. Na biyu, lokacin da makaranta za ta yi miki rajista da Kansul, ki duba da idonki cewa sunanki da ranar haihuwarki sun yi daidai da na takardar WAEC ko NECO. Harafi ɗaya kan jawo wahalar watanni daga baya.

In kuma kin faɗi wani kwas, ki je wurin malamin a makon da sakamako ya fito, ki ce, "Malam, ina so in san inda na yi kuskure." Ɓuya a hostal ba ya rage komai.

4. Zaman wod

Nan ne yawanci zuciya ke karyewa, don haka zan ɗan daɗe.

Kayan aiki tukuna: agogo mai hannun sakan, abin sauraren ƙirji, ma'aunin zafi, biro shuɗi da ja, ƙaramin almakashi, ɗan tocila, ɗan littafin aljihu, da takalmi mara tsini mai rufaffen gaba wanda za ki iya tsayuwar awa takwas a ciki. In kuɗi ya gaza, ki fifita takalmin. Na'urar awon jini kuna iya haɗa kuɗi ku biyu ko uku ku saya.

Ki isa minti goma sha biyar kafin a miƙa aiki. Ki gaida mai kula da wod, ki faɗi sunanki da ajinki, ki tambayi inda ake ajiye safar hannu, kwandon allura da kayan gaggawa. Ki gaida masu shara da masu tura gado da sunansu, don sun fi ki sanin wod ɗin, kuma rana na zuwa da su za su fitar da ke kunya.

Za a yi miki tsawa, wani lokaci a gaban marasa lafiya da masu jinyarsu. Ba na kare wannan hali, ba daidai ba ne, kuma mu manya muna da laifi a ciki. Amma ga yadda za ki tsira: a wurin ki ce, "To Sista, na ji, yaya ya kamata in yi?" Ki ɗauki gyaran, ki bar zafin muryar a nan. Sau da yawa mai tsawar ita kaɗai ce a kan gadaje da yawa tun safe. In kuwa abin ya zama cin mutunci na kullum, zagin iyaye, gori kan addininki ko ƙabilarki, ki rubuta rana da abin da aka faɗa, ki kai wa malamar da makaranta ta ɗora kan fostin. Haka in wani, ko likita ne ko malami ko ma'aikaci, ya fara kiranki ofis ke kaɗai ko yana haɗa makinki da wata buƙata. Kada ki goge saƙonninsa, kuma kada ki riƙe abin ke kaɗai.

Gyaran gado, kai fo, wanke wanda ya ɓata jikinsa: kusan kowa ya ji ƙyama a makon farko. Takunkumi da safar hannu suna taimakawa, sauran kuma sabo ne. Ki lura da fuskarki kawai, domin dattijon da kike gyarawa ya fi ki jin nauyin abin.

Gargaɗi kan magani: ɗaliba ba ta ba da magani ko allura sai da nas mai lasisi a tsaye. Ki duba biyar ɗin nan kowane lokaci: mutumin, maganin, adadin, hanyar bayarwa, lokacin. Abin da ba a nuna miki ba ki ce ba ki iya ba, matambayi ba ya ɓata. In kin yi kuskure, ki faɗa nan take. Faɗan da za a yi miki zai wuce, amma kuskuren da aka ɓoye yana iya tafiya da rai.

Gargaɗi kan allura: kada ki mayar wa allura murfi bayan an yi amfani da ita, kai tsaye cikin kwandonta. In ta soke ki, ki wanke wurin da sabulu a ƙarƙashin famfo, kada ki matse, kada ki zuba Hypo, sannan ki faɗa wa mai kula da wod a lokacin. Maganin kariya daga ƙanjamau ana so a fara shi cikin 'yan awanni, ba ya wuce awa 72, kuma kwana 28 ake sha. Rigakafin ciwon hanta nau'in B kuwa ki yi shi tun kafin fostin na farko: allura uku ce, ta farko, ta biyu bayan wata ɗaya, ta uku a wata na shida. Yawancin ɗalibai ta ukun suke mantawa.

Sai mutuwa. Ina aji ɗaya, a wani asibiti, akwai wata tsohuwa da nake juyawa ina shafa mata mai a baya, kullum sai ta sa mini albarka. Wata safiya na zo na tarar an ja labule. Na shige ɗakin wanke kaya na yi kuka, na kuma yi kwanaki ina tuhumar kaina ko akwai abin da na gani ban faɗa ba. Wata babbar nas ce ta zaunar da ni ta buɗe fayil ɗin, ta bi da ni ciwon tun daga ranar da aka kawo ta, har na gane ba a hannuna abin yake ba. In ya same ki, ki nemi wadda za ta yi miki haka. Ki yi wa mamacin addu'a yadda addininki ya koyar, ki yi wa danginsa gaisuwa, kuma kada ki kwana ke kaɗai a ɗaki daren.

5. Kuɗi

Wani abin da ake kira gajiya, rashin kuɗin mota ne. Ki rubuta duk abin da ke gabanki a zangon: inifom biyu aƙalla, hoton takardu, data, abinci, kuɗin rajista da na jarrabawar Kansul, da kuɗin zirga-zirga in an tura ki asibitin koyarwa na Jami'ar Jos, wato JUTH, da ke Lamingo kina zaune Bauchi Road, ko kina bi ta Bukuru zuwa Vom. Ki kai wa Baba ko wanda ke ɗaukar nauyinki lissafin gaba ɗaya tun farkon zango. Ya fi masa sauƙi a kan kira kowane mako. Kuɗin Kansul ki tambayi 'yan ajin gaba nawa suka biya, a fara tarawa shekara guda kafin lokaci, ko da ta adashi ne.

In makarantarki ta gwamnati ce, ki duba ko tana cikin tsarin bashin karatu na NELFUND da aka fara a 2024, wanda ba ruwa a kansa. Ki leƙa hukumar tallafin karatu ta jiharku ma. Manhajojin bashi na waya kuwa ki nisance su, masu aika wa duk lambobin wayarki saƙon tozarci in kin makara.

Ranar aikin yamma ko dare ki shirya abin hawa tun da rana, ku fita ku biyu ko uku, katin shaida a wuya. In gari ya ɗan rikice ko an sa dokar hana fita, ki kira malamar fostin, kada ki kama hanya don tsoron a rubuta ba ki zo ba.

6. Mutum biyu, da lokacin ganin likita

Ki samu mutum biyu: ɗaya a cikin aikin, 'yar ajin gaba ko nas da kika ga tana da sauƙin kai, ɗaya kuma a waje, Mama ko yaya ko aminiya wadda ba ruwanta da asibiti. Ƙungiyar ɗalibai Musulmi (MSSN) ko ta ɗalibai Kirista (FCS) ta makarantarku wuri ne mai kyau na samun ta farkon.

A gida za ki ji maganganu: nas ba sa zaman aure, wane miji zai yarda da kwanan asibiti, ya za ki taɓa namiji. Kada ki yi musu a tsaye. Ki zaunar da Baba ko wanda zai aure ki, ki nuna musu jadawalin aiki yadda yake. Ki tuna musu Rufaida Al-Aslamiyya, wadda ke da tanti a masallacin Annabi (SAW) tana jinyar masu rauni, har aka kai mata Sa'ad bin Mu'az bayan yaƙin Khandaƙ. Ki kuma tambaye su wa suke so ya karɓi haihuwar matansu.

Gargaɗi, kuma wannan ya fi duk sauran nauyi: in kin kai mako biyu kullum cikin baƙin ciki, abin da kike so a da ya fita ranki, barci ya ƙi ko ya yi yawa, ba kya cin abinci, hankali ba ya tsayawa wuri ɗaya, wannan ya wuce gajiya. Ciwon damuwa ne mai yiwuwa, kuma yana da magani. Ki fara da asibitin makaranta, ko ki je sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa na JUTH. Addu'a da ganin likita ba sa karo da juna. In tunanin cutar da kanki ya zo miki, kada ki jira ranar da muka sa. Ki faɗa wa wani yau, a raka ki sashen gaggawa na asibiti mafi kusa, ko a kira 112.

7. Buɗe littafin

Ranar ta zo. Ki zaɓi safiyar da kika yi barci kika karya, ki karanta duk abin da kika rubuta, ki raba ɓacin ran kashi uku.

Kashi na farko, abin da zai ƙare da makaranta: jarrabawa, hostal, wata malama, rashin kuɗi. In nan yawancin layukan suka taru, ki ci gaba, ki koma mataki na biyu zuwa na biyar ki ga wanda bai zauna ba.

Kashi na biyu, abin da ya shafi wani wod kaɗai. Wata ba ta iya ɗakin yara, amma a tiyata kamar don ita aka yi wurin. Bayan lasisi akwai karatun ƙwarewa: jinyar ido a cibiyar ido ta ƙasa da ke Kaduna, ta ƙashi a Dala a Kano, ta ƙwaƙwalwa a Barnawa, ga ungozoma, ga sa barcin tiyata, ga lafiyar al'umma, ga koyarwa. Kada ki auna aikin gaba ɗaya da fostin guda.

Kashi na uku shi ne aikin kansa. Ki duba layin nan na uku, abin da kika yi daidai. In a mako shida babu ranar da kula da wani ya sanyaya miki rai, ko da kin huta, ko da wod ɗin na da daɗi, to shakkarki gaskiya ce, kuma ba laifi ba ne. Akwai wadda likitanci ta nema JAMB ta hana ta, akwai wadda Baba ne ya sayo fom. Nan sai a duba inda kike. In kina PTS ko aji ɗaya, canzawa ba ta da tsada sosai, kina iya sake zana JAMB. In saura miki shekara ɗaya ko ƙasa, shawarata ki daure ki karɓi lasisin, don da shi kina iya neman shiga jami'a kai tsaye ki yi digirin jinya, ko ki juya zuwa aikin da ba na gefen gado ba.

In kin tsaya kan tafiya, kada ki ɓace kawai. Ki fara neman a ɗaga miki karatu na zango ko shekara in dokar makarantarku ta yarda, a rubuce, ta hannun shugaban sashe, ki riƙe kwafin da aka buga wa hatimi. Ki gaya wa iyaye da wani babba a wurin, kawu ko gwaggo da suke jin maganarsa, kuma ki je da abin da za ki yi a maimako da ranar da za ki fara. Kafin ki kwashe kaya daga hostal ki karɓi ainihin takardunki na sakandare in suna ofis, ki biya abin da ake binki, ki nemi takardar sakamakon zangunan da kika kammala.